Azumin da Chidi Ya Yi Magana

Azumin bana da zafi ya zo. Tun kafin azahar maƙogwaro yake bushewa, kwalta tana turiri a shataletalen Bata, masu adaidaita sahu suna jiƙa tawul suna ɗorawa a ka. Amma shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wurin da aka yi ruwa, sannan ya watse ko ɗigo bai sauke mana ba. Ina tsaye a ƙofar ajin da nake koyar da yara a Fagge, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Yunwar azumi da ƙamshin ruwa idan suka haɗe mini, wuri ɗaya suke mayar da ni: wani gida a Sabon Gari, shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da azumi yake faɗowa tsakiyar damina.

Wannan shekarar an yi marka irin wadda ban sake gani ba. Sai a wuni a kwana ana yayyafi, rana ba ta leƙo ba. A gidanmu na Rijiyar Lemo kwanon ɗakin Umma yana yoyo, duk wata roba da fanteka ta gidan an jera su a ƙasa, muna sahur muna jin ɗigar ruwa kowacce da irin sautinta. Itace ya jiƙe, ba ya kamawa sai hayaƙi. Sabon hatsi bai shigo ba, tsohon kuma ya yi tsada, sai Umma ta riƙa tsinka kunun tsamiya har kana ganin gindin kofi. Ƙannena mata su ne masu kai markaɗen wake, su dawo da zani sharkaf, ni kuma nawa aikin kwashe ruwan tsakar gida da bokiti kafin in fita. Ƙishirwa ba ta dame mu a wannan azumin ba. Yunwa ce, irin mai sanyi, wadda take shiga ƙashi ta sa mutum ya ji haushin kowa.

A lokacin na gama sakandare da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina, na yi zaman shago a Kantin Kwari ban daɗe ba. Ƙanwar mahaifina ce ta haɗa ni da Hajiya Falmata, wata 'yar Barno da aka haifa a Fagge. Tana da ɗan ofis a saman wani bene, aikinta zagaya gidajen rainon yara tana duba su, tana koya wa masu raino yadda za su yi da yara masu buƙata ta musamman: wanda ba ya ji, wanda ba ya magana, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Tana ɗaukar matasa ta koya musu, sannan ta ajiye kowa a wani gida na ɗan lokaci ya gwada abin da ya koya.

Zan faɗi gaskiya, kunyar aikin nake ji. Abokaina na majalisa na ce musu a ofis nake. Saboda haka kullum da farin yadi nake fita, gogagge, in naɗe ƙafar wando in hau acaɓa, in sauke ta idan na isa. Namiji da raino, a ganina na lokacin, abin ɓoyewa ne.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi Hajiya ta kai ni gidan Madam Uche. Tsohon gida ne mai kaurin bango, an ce da can babba ne aka raba shi biyu aka sayar. Madam tana zaune a sama, ƙasa kuma nan ne iyaye 'yan kasuwa suke ajiye yaransu da safe su ɗauka da yamma. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen tsiya. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Hajiya, mai raino kika kawo mini ko ango?"

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ki bar shi, yaran za su wanke masa guga."

Sannan ta nuna mini yaron da aka kawo ni dominsa. Chidi sunansa, bai wuce shekara biyar ba, kyakkyawa, mai manyan idanu waɗanda ba sa tsayawa a fuskar mutum. Ba ya magana, ko da yarensu. Idan ka kira shi ba ya juyowa. Yana jera murafen kwalba a layi, in wani yaro ya taɓa ɗaya sai ya fasa ihu ya toshe kunnuwa. Uwarsa tana sayar da takalman roba a kasuwar Sabon Gari, kowa Mama Chidi yake ce mata. Makarantu biyu sun riga sun dawo mata da shi.

Hajiya ta ce mini, "Habibu, aikinka ɗaya ne. Inda yaron nan ya zauna, ka zauna. In ya kwanta a ƙasa, ka kwanta. Kanka kada ya fi nasa tsawo. Kada ka koya masa komai tukuna. Kuma in na zo, ba na son ka gaya mini abin da ya yi, kowa ma ya ga wannan. Ka gaya mini abin da ya faru kafin ya yi."

Na ce, "To, Hajiya."

Ta tafi, ni kuma na jawo kujera.

Simintin ɗakin kullum a jiƙe yake da damina, bangon ya yi gansakuka daga ƙasa, ga fitsarin yara, ga shinkafar da suka zubar. Na dubi farin yadina na dubi ƙasan, na ce daga kan kujera ma ai ana gani. Na ajiye ta a bakin ƙofa inda iska take shigowa.

Haka ranakun suka riƙa tafiya. Da safe a karɓi yara, a cire musu jiƙaƙƙun takalma a jera. A yi waƙa, a yi wasa. Da rana masu raino biyu su buɗe kulolin abinci, ƙamshin miyar kifi da soyayyar ayaba ya cika ɗakin, ni kuma in juya fuska waje ina haɗiyar yawu. Madam ta ce, "Malam Habibu, kai kake azumi, mu muke shan wahalar fuskarka." Bayan abinci a shimfiɗa tabarmi a ɓangaren da ya fi bushewa, yara su kwanta. Chidi shi kaɗai ba ya hawa tabarma. Can lungun ɗakin yake tafiya, bayan wata 'yar kanta da ake ajiye kayan wasa, ya kwanta a kan siminti tsura, kuncinsa manne da ƙasa, fuskarsa tana kallon bango. An gaji da ɗauko shi, an ƙyale shi.

A cikin satin farko na azumi abin ya fara. La'asar ta kusa, an ɗauke wuta, ɗakin ya yi duhu saboda hadari, ruwa yana sauka a hankali a kan kwanon baranda. Yara duk suna barci. Ni ma gyangyaɗi nake a kujerata. Sai na ji muryar tsohuwa a cikin ɗakin.

"An sha ruwa?"

Na buɗe ido. Babu kowa sai yara da mai raino ɗaya, ita ma ta ɗago kai tana waige.

"Ya'u. Ya'u, an sha ruwa?"

Chidi ne. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuwansa a sake, idonsa a kan silin. Bakinsa ne yake motsi, amma muryar ba ta yaro ba ce. Siririya ce, mai rawa, irin ta wadda haƙoranta suka zube, da karin harshen mutanen ƙauye. Har ɗan tarin da ke biyo bayan maganar sai da ya yi. Yaron da bai taɓa cewa ko "mama" ba, ɗan gidan da ba a azumi, yana tambaya da Hausa tsantsa ko an yi buɗa-baki.

Mai rainon ta kira sunan Yesu ta fita da gudu. Ni ban iya tashi ba. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Chidi ya maimaita sau ɗaya, sannan ya koma wajen murafen kwalbarsa kamar ba abin da ya faru.

Washegari ya sake. Jibi ma haka. Kullum sai ya tashi daga lungun nan, kullum wajen la'asar, kuma ya fi yi ranar da aka wuni ana ruwa. Wani lokacin ya ƙara da, "Wayyo, duhu." Babu Ya'u a gidan, babu a cikin iyayen yara, Mama Chidi ta rantse ba ta san mai wannan suna ba. Masu raino suka daina shiga lungun ko da shara. Ni kuma na daina barci sosai a gida. Ina kwance ina jin ɗigar ruwa a robobin Umma, sai in ji kamar a tsakaninsu akwai wannan tambayar.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, an riga an gaya mini. Ban yi ba. Tsoro ya ƙara mini dalilin zama a bakin ƙofa. Kuma, Allah Ya yafe mini, akwai wani abu bayan tsoron: daɗi na ji. A karo na farko a gidan ni ake tambaya. Tunda muryar Hausa take yi, kuma zancen azumi take, sai kowa ya juyo wajena kamar ni ne malamin abin. Na ba da labari a majalisa, na ƙara gishiri. Na sayo garin hayaƙi wajen wani mai magani a bakin masallaci, na turara lungun da safe kafin Madam ta sauko. Da Chidi ya shigo ya shaƙi warin, ihun da ya yi har maƙwabta sai da suka leƙo, ya riƙa buga goshinsa da ƙofa. Na ce wa masu raino, "Kun gani? Ba ta son hayaƙin."

Ran nan da yamma Mama Chidi ta tsayar da ni a baranda. Ta jiƙe, ta ɗaura leda a kanta, idonta ya faɗa.

"Malam, kai Musulmi ne, ka san irin wannan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Mene ne a jikin ɗana?"

Da na ce ban sani ba, da na faɗi gaskiya. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Mama Chidi, ni dai a wajenmu, idan yaro ya yi magana da muryar da ba tasa ba, mun san abin da ake nufi. Wata ce ta shige shi. Tsohuwa ce."

Ta goya shi, duk girmansa, ta shiga ruwa.

Ranar Litinin da ta kawo shi, akwai 'yan tsage guda biyu a kuncinsa na hagu, sababbi, an shafa musu wani baƙin abu. Ta kai shi wajen wata mata a ƙarshen mako. Bai jera murafe ba ranar, ya zauna yana kaɗa jiki gaba da baya. Amma da la'asar ya tashi daga lungunsa ya yi tambayarsa kamar kullum. Da uwar ta ji haka sai ta gaya wa Madam cewa shi ke nan, uwar mijinta ta aiko. Ranar Asabar za ta sa shi a motar dare ta kai shi ƙauyensu, akwai wani gidan addu'a a daji inda ake ajiye irinsu har sai abin ya fita.

Bayan ta tafi Madam ta zauna a kan matakala. Sannan ta ce, "Na san irin gidajen nan. Da igiya ake ɗaure su a gindin bishiya. Ba abinci sai abin ya faɗi sunansa." Ta dube ni. "Yaron da ba ya magana, Malam Habibu, yaya zai faɗi suna?"

Ranar ko kunun Umma ban iya sha ba.

Hajiya Falmata ta yi tafiya Maiduguri gaisuwar rasuwa, sai ranar Laraba ta dawo. Ta shigo da lema tana ɗiga, Madam ta ba ta labari tun a ƙofa. Ta je ta tsuguna nesa kaɗan da Chidi, ta daɗe tana kallon kuncinsa. Sannan ta kira ni baranda.

"To, malamin aljanu. Ba ni labari."

Na fara zuba, muryar kaza, tarin kaza, hayaƙi kaza.

Ta ce, "Ikon Allah. Mu tun muna yara ake gaya mana a watan nan ɗaure su ake yi. Wannan wa ya kwance ta, ko belinta aka yi?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Me ya faru kafin ya yi maganar?"

"Yana kwance a lungu, Hajiya."

"Me ke lungun?"

"Babu komai. Bango ne."

"Ka kwanta a wurin?"

Na ce, "E."

Ba ta dubi fuskata ba, gwiwar wandona ta duba. Fari tas, karin guga a miƙe har ƙasa. Ta ce, "Da azumi a bakinka, Habibu."

Wannan maganar har yau ina jin ta.

Sai ta sassauta murya ta yi mini bayani. Ta ce akwai yara irin Chidi da suke ajiye magana yadda suka ji ta, da sautinta da tarinta da komai, kamar kaset, su fito da ita daga baya. Ta taɓa ganin yarinyar da take yin muryar mai sanarwa a rediyo, da yaron da yake yin kukan ƙofar gidansu. Ta ce, "Ba ya ƙirƙira. Abin da ya shiga kunnensa shi yake fitowa. In ya yi muryar tsohuwa, to akwai tsohuwa. Tambayar ita ce a ina."

Da yara suka ci abinci suka kwanta, Chidi ya tafi lungunsa. Hajiya ta nuna mini wurin da haɓa. Na tafi. Na durƙusa, sanyin simintin ya ratsa wandon nan take. Na kwanta a gefen yaron, ban taɓa shi ba, na manna kuncina da ƙasa yadda ya yi. Wurin yana warin danshi da sauran hayaƙina.

Daga nan ƙasa ɗakin wani iri ne daban. Ƙafafun kujeru, ƙarƙashin kanta, wata tsohuwar 'yar tsana da ta faɗa baya. A gindin bangon, inda kanta ta rufe, sai na ga rariya, irin kafar da ake bari don ruwa ya wuce, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Tun lokacin da gidan yake ɗaya take nan, ba a toshe ta ba. Wata iska mai sanyi tana fitowa daga ciki tana taɓa mini ido.

Na daɗe ban ji komai ba sai ruwa a kan kwano da numfashin Chidi. Har na fara tunanin tashi.

"Ya'u."

Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Bakin Chidi a rufe yake, ina kallonsa.

"Ya'u, an sha ruwa?"

Sai tarin.

Na san yanzu mutum ce, amma jikina bai sani ba. Gashin kaina ya miƙe, hawaye suka zubo mini ba tare da na yi niyya ba. Chidi ya lumshe ido, fuskarsa a sake, yadda ban taɓa ganinta ba. Ashe wurin nan ne kaɗai a gidan da ake masa magana a hankali, murya ɗaya, kalma ɗaya, kullum a lokaci ɗaya.

Ni da Hajiya da Madam muka zagaya ta layin baya, muna tsallake kwatar da ta cika ta tumbatsa. Ɗaya rabin gidan ɗakunan haya ne na gwauraye, duk sun fita nema, tsakar gidan ruwa har idon sawu. Ɗakin ƙarshe, wanda ya jingina da bangonmu, da kwaɗo a ƙofarsa. Hajiya ta ƙwanƙwasa ta yi sallama da ƙarfi.

Can daga ciki aka ce, "Wane ne? An sha ruwa?"

Hajiya ta ce, "Da saura, Iya. La'asar ma ba a yi ba."

"To. To, Allah Ya kai mu."

Wata mai sayar da gasasshiyar masara a bakin layi ta san mai ɗakin, ta aika aka kira shi daga kasuwa. Ashe shi ne Ya'u, ɗan dako ne, dogo, ya zo da gudu da gammo a hannu, a tsorace, yana zaton mutuwa aka yi. Da ya buɗe, ɗakin babu taga. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a jikin bango, 'yar ƙarama, idanunta fari fat. Ga kwanon abinci a rufe a gefenta, ga buta cike da ruwa, ba ta taɓa ba.

Ya ce mahaifiyarsa ce, daga ƙauye ya ɗauko ta kafin azumi don a duba mata ido, aka ce sai bayan Sallah. Ta fara ruɗewa, sau biyu tana fita ta ɓace, har ta taɓa faɗawa kwata, shi ya sa yake kullewa. Ya roƙe ta ta ajiye azumin, malamai ma sun ce ba dole a kanta, ta ƙi. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin kiran salla daga nan, ba ta ganin rana. Ba za ta sa komai a baki ba sai an ce mata lokaci ya yi. Ranar da ruwa ya tare shi ko aiki ya riƙe shi, sai bayan isha yake dawowa ya same ta zaune tana jira.

Ya ce, "Hajiya, to yaya zan yi? In na zauna da ita, me za mu ci?"

Madam ta miƙa hannu ta ce, "Kawo makullin. Ni ina jin masallacinku daga sama, ko ban so ba. Ni zan riƙa gaya mata."

Saura Mama Chidi. Hajiya ta ce ba ita za ta yi mata magana ba, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Washegari na je har rumfarta a kasuwa, cikin taɓo, na tsaya a gaban tulin takalman roba na ce mata abin da na faɗa mata ƙarya ne, ban san komai ba na yi kamar na sani. Ta ci gaba da jera takalma ba ta dube ni ba.

"Ran nan ka ce tsohuwa ta shige shi. Yau babu tsohuwa."

"Akwai tsohuwa, Mama Chidi. Amma a bayan bango take."

"Na riga na sayi tikiti. Uwar mijina tana jira. Ku kun iya magana, kai da Hajiyarka. Ni ce nake kwana da shi."

Na ce, "Ban ce ki yarda da ni ba, ban cancanta ba. Ki zo da la'asar ki kwanta inda yake kwanciya. In ba ki ji komai ba, ni zan ɗaukar miki jaka har tasha."

Ba ta zo ranar ba. Na wuni ina kallon ƙofa. Sai Juma'a, ana gobe tafiyar, ta shigo ana tsuga ruwa, ba ta gai da kowa ba. Mace ce mai jiki, da ƙyar ta durƙusa. Muka janye kantar. Ta kwanta da zaninta na kasuwa a kan jiƙaƙƙen siminti, fuskarta daf da ƙeyar ɗanta.

Muka tsaya. Ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano, na ji tsoron zai danne komai. Na ji tsoron tsohuwar ta yi barci, ko kuma yanzu da Madam take leƙa ta ta daina tambaya. Ban taɓa roƙon Allah a kan wani abu kamar yadda na roƙa a tsaye a wurin ba.

Ban ji lokacin da muryar ta fito ba. Gadon bayan Mama Chidi na ga ya ƙame. Ta ɗago kai kaɗan, ta sake mannawa. Can sai Chidi ya tashi, ya tsallake ta, ya je tsakiyar ɗaki ya maimaita abin da su biyun suka ji, har da tarin.

Ta zauna a ƙasan, rabin fuskarta duk datti. Na zaci murna za ta yi. Sai ta ce, a hankali, ba da kowa take ba, "Ashe yana ji." Ta sa hannu ta rufe baki. "Duk abin da muke faɗa a kansa a gida, ni da babansa. Yana ji."

Hajiya ta zauna kusa da ita a ƙasan, ta ce, "Yana ji. Yanzu sai ki zaɓi abin da zai riƙa ajiyewa."

Ba ta tafi ranar Asabar ba. Rigimar da ta sha da dangin mijinta ba ƙarama ba ce, kuma ba ta ƙara yi mini magana ba sai gaisuwa, har na bar gidan. Tsagen ya warke amma bai ɓace ba. Chidi yanzu saurayi ne, yana taya ta a rumfa, shi yake jera takalma ƙafa da ƙafa, ba ya kuskure. Yana magana daidai gwargwado, yawanci da kalmomin da ya aro. Idan na bi ta layinsu nakan tsaya mu gaisa, kuma kullum idona sai ya sauka a kuncinsa na hagu.

Iya ba ta kai ga aikin idon ba. Bayan Sallah da 'yan makonni, marka tana ƙarewa, sabon gero ya fara shigowa kasuwa, ta rasu a cikin barcinta. Aka kai ta ƙauye. Madam ta sa aka toshe rariyar saboda ɓeraye. Amma Chidi bai daina ba. La'asar tana yi sai ya je ya kwanta a lungun, ya tashi, ya yi muryarta. Yanzu mun san babu kowa a bayan bangon, kuma wannan ya fi na farkon sa mutum sanyin jiki.

Wata rana Ya'u ya zo, ya tsaya a baranda yana murza hularsa. Ya ce da Madam ya ji an ce yaron yana yi har yanzu, ko za a bar shi ya ji. Ba shi da hotonta, ba shi da komai nata sai buta.

Na shigo da shi. Na ce masa kada ya tsaya a kan yaron, ya zauna a ƙasa, kada kuma ya kira shi. Muka zauna mu biyu a kan siminti muna jira. Chidi ya tashi daga lungunsa ya zo tsakiyar ɗaki, bai dubi ko ɗayanmu ba. Na shirya jin tambayar da na saba. Sai ya buɗe baki ya fito da wata da ban taɓa ji ba, wadda ta faɗa ita kaɗai a cikin duhu wata ranar da ake ruwa, babu mai saurare sai shi.

"Ya'u, ka fake, kada ruwa ya dake ka. Ni zan jira."

Ya'u ya kifa fuskarsa a kan gwiwoyinsa. Chidi ya wuce ta gefensa, ya zauna, ya fara jera murafensa.